A Tambayi Inda Hoto Ya Fito Kafin A Tura Wa Wani

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan uwana mutanen karkara da 'yan kasuwa a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato hotuna da bidiyon da ake turo mana a waya ba tare da mun san daga ina suka fito ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya same mu a kasuwarmu ta mako. Ana cikin hada-hada wajen azahar sai wani bidiyo ya shigo wayoyin mutane, ga gidaje suna cin wuta, ga mata suna gudu, an rubuta wai ƙauyen da ke gaba da mu ne aka kai wa hari. Kafin ka ce kwabo kasuwa ta watse. Ni kaina kwando huɗu na tumatir na bari a ƙasa aka tattake, wata tsohuwa mai ƙosai kuma mai ya ƙona ta a ƙafa. Da magariba sai ga mutanen wannan ƙauye sun iso lafiya lau, suna tambayar mu me ya faru. Daga baya yaron wajena da ke karatu a birni ya bincika, ya tarar bidiyon ya shekara uku yana yawo, kuma ba ma a ƙasar nan aka ɗauke shi ba.

To, jama'a, tamu ta zo da sauƙi. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, an yi ta yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa na can ne. Binciken da BBC ta yi ya nuna ɗaya daga cikin bidiyon a ƙasar Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Amma kafin gaskiya ta fito an riga an tare hanya an kashe matafiya waɗanda ba su ji ba su gani ba, har da ɗan kasuwa mai sayar da dankali irin mu.

Da can muna cewa gani ya kori ji. Yanzu ganin ma sai an bincika. Abin farin ciki shi ne akwai hanyoyin gane asalin hoto, kuma yaron ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

Ta farko, wayar zamani tana karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam, abin da ake kira GPS, samari kuma suna ce masa lokeshan. Idan a kunne yake kuma ka ba kyamara izini, duk hoton da ka ɗauka waya tana ɓoye rana da lokaci da daidai wurin da kake tsaye a cikinsa. A haka aka gano wani attajiri mai suna John McAfee a 2012. Yana gudun 'yan sandan ƙasar Beliz, sai 'yan jarida suka ɗauki hoto da shi suka sa a intanet ba su goge wannan bayani ba, nan take duniya ta san yana Gwatamala. Sai dai WhatsApp da Facebook suna cire wannan bayani daga hoton da jama'a ke gani, shi ya sa hoton da ya zagayo hannu goma ba ya zuwa da shaidarsa.

Ta biyu, ko an cire, hoton da kansa yana tona asiri. A 2018 wani bidiyo ya fito na sojoji suna harbe mata biyu da ƙananan yara biyu. Gwamnatin Kamaru ta ce ƙarya ne, wasu suka ce a Mali ne. Masu bincike na BBC da abokan aikinsu suka dubi siffar duwatsun da ke bayan mutanen, suka gwada da hotunan tauraron ɗan'adam, har suka gano hanyar da abin ya faru, kusa da garin Zelevet a arewa mai nisa ta Kamaru, dab da iyakar Nijeriya. Da tsawon inuwar sojojin suka gane cewa tsakanin Maris da Afrilu na 2015 ne. A 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Wannan ai aikin da manomi ya sani ne. Mu da muke gane lokacin la'asar da inuwa, mu gane ƙasar wani gari da kalarta, me zai hana mu dubi lambar mota, da irin ginin, da kayan jikin mutane, da harshen da ake yi, da ko damina ce ko rani, kafin mu gaskata?

Ta uku, kamfanonin da kansu sun san inda mai rubutu yake. A watan Nuwamba na 2025 shafin X, wanda a da ake kira Twitter, ya fara nuna ƙasar da mai shafi yake. Sai aka ga shafuka da dama masu zafin baki a siyasar Amurka ashe masu su suna zaune a wasu ƙasashe, har da Nijeriya. Amma wannan ma ba a rantsuwa a kansa, domin akwai manhajar VPN mai sa waya ta nuna wata ƙasa. Da ita mutane da yawa suka yi ta shiga Twitter lokacin da gwamnati ta rufe shi daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022.

Wani zai ce, to ai wannan ilimi wuƙa ce mai baki biyu. Haka ne, ban musa ba. Yadda mai gaskiya zai gano maƙaryaci, haka mugu zai gano ka. Ina ganin samarinmu suna ɗaukar hoton buhunan masara da shanun gidansu, ko kuɗin cinikin kasuwa, su sa a Facebook da TikTok har da sunan gari. Haba 'yan uwa! A wannan zamani na masu garkuwa da mutane, wa ya aike ku? Ku kashe lokeshan na kyamara, ku bar nuna ƙofar gida da rumbu, idan kuma tafiya ce ku bari sai kun dawo.

Ga hukuma kuma ina da tambaya. Tun Disamba 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, muka bar gona muka yi ta bin layi a rana. A watan Satumba na 2021 an kashe sabis a Jihar Zamfara baki ɗaya, 'yan kasuwa suka sha wuya, duk muka yi haƙuri don a sami zaman lafiya. Kowane kira sai ya bi ta ƙarfen sabis, kuma kamfani ya san wanne ne. To, in 'yan jarida za su gano hanya guda a bayan dutse a Kamaru daga cikin ofis, yaya ɗan bindiga zai kira waya yana cinikin kuɗin fansa, ko ya fito a TikTok yana nuna kuɗi? Muna roƙon a yi amfani da wannan ilimi a kan masu zubar da jini, kada ya ƙare a kan talakan da ya koka da rashin taki ko hanya.

Shawarata ga masu karatu ita ce, duk abin da aka turo maka, yi tambaya uku: a ina aka ɗauka, yaushe, kuma wa ya fara sakawa? In an ce ƙauye kaza ne, kira wanda ka sani a can, ko direban da ke bin hanyar, kuɗin kati bai kai na asarar kwando ɗaya ba. In ba ka sami amsa ba, ya tsaya a wayarka. Malamanmu sun sha karanta mana umarnin da ke cikin Suratul Hujurati na bincika labari kafin a yi aiki da shi, ina kira gare su da masu unguwanni su riƙa tunatar da jama'a a masallatai da ranakun kasuwa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Manomi kuma ɗan tireda,
daga Jihar Katsina.