ƘASAR GAƁAR GULBI: MU SAN TA, KADA MU SAIDA TA CIKIN KAMIYO

 

In mutum ya fito daga cikin gulbi za ya hau tudu, sau uku ƙasa ke sake kama ƙarƙashin ƙafarsa. Da farko fadama, baƙar laka mai tsagewa da rani. Can bisa kuma jigawa, rairayi mai nutse ƙafa. Tsakaninsu akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri kamar dakali, wanda ya ɗara fadama tsawo da ƴan metir, ruwan gulbi ba ya hawansa sai shekarar babbar ambaliya. Wannan ita ce ƙasar gaɓa. Ana samun irinta gefen Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, da kwarin Tarka, da Majiya, da koramun Damagaram. Ra'ayina shi ne, cikin gonakinmu babu wadda muke zalunta kamarta. Muna noma ta kamar jigawa, in ta ƙi mu ce ta mutu, sa'an nan mu bar masu birgi da masu kamiyo su kwashe ta.

Ni kaina na yi wannan kuskure. Shekarar da na fara aikin malamin gona, na je wani ƙauye bakin gulbi da takarda guda: tazara ɗaya, taki ɗaya, shawara ɗaya ga kowa. Wani tsoho ya saurare ni har na ƙare, ya kama hannuna ya kai ni gonarsa. Ya ɗebi ƙasa can sama ya jiƙa ta ya damƙe, ta watse. Munka gangaro taki ɗari, ya ɗebi wata ya jiƙa ya damƙe, ta tsaya dunƙule. Ya ce: "Ɗana, wacce daga cikinsu takardarka ke nufi?" Na ce: "Baba, ba ta bambanta su ba." Ya ce: "To koma ka tambayo." Tun ran nan ban ƙara shiga gona ba sai da felu da kwalba.

Daga ina ta fito?

Shekaru dubbai da sunka wuce ruwan sama ya fi na yanzu yawa, gulabenmu kuma sun fi haka faɗi. Duk damana sai ruwa ya malala, ya aje abin da ya ɗauko: rairayi, da lallausar ƙasa, da laka, wani bisa wani. Daga baya gulbin ya ƙara haƙa hanyarsa ƙasa, ya bar tsohon shimfiɗinsa sama. Tsohon shimfiɗin nan shi ne gaɓa. Shi ya sa take a miƙe, take da zurfi, kuma galibi rijiyarta ba ta kai ta tudu nisa. Amma ku lura: da yake ruwa ba ya hawanta kullum, babu mai ƙara mata sabuwar ƙasa kamar yadda ambaliya ke ƙara wa fadama. Abin da anka ɗauke mata ya tafi ke nan.

Mi ke cikinta?

Kowace ƙasa abu uku ce haɗe. Akwai rairayi, wanda ƙwayarsa ta kama daga milimetir 2 zuwa 0,05, ido na ganinsa, yatsa na jin kaushinsa. Akwai lallausar ƙasa mai kama da garin hatsi, wadda Faransawa ke kira limon. Akwai laka, mai ƙwayar da ba ta kai milimetir 0,002 ba, ita ce mai danƙo, ita ke riƙe ruwa da taki.

Jigawarmu, galibi kashi 90 bisa 100 ko fiye rairayi ne. Ƙasar da nike magana a kanta, rairayinta ya wuce rabi, sau da yawa kashi 60 zuwa 70. Lakarta ba ta wuce kashi 20. Sauran lallausar ƙasa ce. Bambancin kamar kaɗan ne a takarda, amma a gona babba ne. Ku ɗauki fili metir 1 tsawo, metir 1 faɗi, metir 1 zurfi. In rairayi ne zalla, ruwan da zai aje wa saiwa bai wuce litir 50 zuwa 110 ba. In irin wagga ƙasa ce, yana kai litir 110 zuwa 150. Hatsin da ya yi ƙarfi yana shan litir 5 ko 6 kowace rana a wannan fili in ana zafi. Ke nan in ƙasar ta ƙoshi kamin ruwa ya ɗauke, hatsin gaɓa na iya jure sati guda ko fiye bayan na jigawa ya fara naɗe ganye. Wanda ya taɓa jiran hadari cikin watan Agusta ya san darajar sati guda.

Awo uku da kowa ke iyawa

Na farko da hannu. Ku jiƙa ƙasa kaɗan, ku dunƙula ta kamar ƙwan zabuwa. In ta watse, rairayi ce. In ta tsaya, ku murza ta tsakanin tafuka ta yi tsawon santimetir 6 ko 7. In ta karye tun nan, rairayi ya rinjaye ta ƙwarai. In ta tsaya, ku ci gaba har santimetir 15. Wadda ta yi 7 amma ta kasa kai 15, kuma ana jin kaushi cikinta, ita ce tamu. Wadda ta kai 15 har ana lanƙwasa ta kamar zobe ba ta tsage ba, laka ce.

Na biyu da kwalba. Ku zuba ƙasa sulusin kwalba, ku ƙara ruwa da ɗan garin sabulu, ku girgiza sosai, ku aje. Cikin minti 1 ko 2 rairayi ya kwanta. Ku sa alama. Bayan kamar awa 2 lallausar ƙasa ta kwanta bisa. Ku sa alama. Laka sai ta kwana ɗaya ko biyu. In dukan abin da ya kwanta santimetir 10 ne, kunka ga rairayi 6 ko 7, lallausa 2 ko 3, laka wajen 1, to kun san abin da ke hannunku.

Na uku da felu. Ku gina rami ya kai ƙugun mutum, ku dubi bangonsa. Sama, taƙi guda, za ku ga ta fi duhu: nan taki da saiwoyi suke. Ƙasa da haka ta koma ruwan ƙasa ko ja-ja. In kunka ga shimfiɗin tsakuwa ko babban rairayi kusa da sama, gonar za ta zubar da ruwa da sauri, kome kyan fuskarta. In kunka ga ɗigo-ɗigo kamar tsatsa cikin toka-toka, ruwan ƙasa yana hawa har nan da damana. Wurin ya yi kyau da rijiya da lambu, amma a yi hankali da mangwaro da lemu, don saiwarsu ba ta son kwana cikin ruwa.

Sunanta a takarda da sunanta a gona

Masana suna ba ƙasa suna iri biyu. Na ɗaya bisa abin da ke cikinta. Takardar awo takan rubuta wa irin wannan sablo-limoneux. Na biyu bisa asalinta da shekarunta. A tsarin FAO, in shimfiɗun da ruwa ya aje suna nan ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, Fluvisol ce. In gaɓar ta tsufa, shimfiɗun sun cuɗe, launi ya kama, takan faɗa cikin Cambisol. Jigawa kuwa Arenosol ake ce mata.

Cikin shekarun 1960 masanan ORSTOM sun zana taswirar ƙasar kudancin Nijar, aiki mai kyau da har yau ake dubawa. Amma santimetir 1 a taswirar nan kilometir 5 ne a ƙasa. Gaɓar da faɗinta metir 200 ne ba ta kai rabin milimetir ba a takardar. Taswira ba ta ganinta. Sai mai gona da malamin gona. Wajen Maraɗi da yawa suna kiran duk ƙasar da ta fi jigawa tauri geza, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai gezar tudu wani lokaci marmara ke ƙarƙashinta, ta gaɓa kuwa zurfi gare ta da ruwa kusa. In ana rabon gado ko ana jingina, a ce "gezar gaɓa", don kada a yi mata kuɗin tudu.

Aibinta

Wani zai ce: "Malam, in haka take, don mi a 1973 da 1984 tsofaffinmu sunka fi dogara ga jigawa?" Gaskiya ce, ba na musu. Jigawa tana shanye ɗan yayyafi duka, ta miƙa wa shuka. Ƙasar gaɓa, in babu taki cikinta kuma ta zauna tsirara, ruwa mai ƙarfi yana dakan fuskarta, lallausar ƙasa ta toshe ƙofofin, rana ta busar, ta yi ɓawo. Tsiro ya kasa fasa shi, ruwa na biyu ya gudu bisa kamar bisa daɓe, ya tafi ya ci bakin gona. Shekara biyar ko shida haka, wurin ya zama fako. Rumbu ne babba, amma sai an buɗe masa ƙofa.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. A karya ɓawon da garmar shanu ko da kwasa lokacin da ƙasa ke da ɗan danshi, ba a bushe ba, ba cikin caɓi ba, kuma a yi kunya a gicciye da gangare. A bar kara kwance bayan girbi. A kai takin gida: nan ya fi daɗewa bisa cikin jigawa, don laka na riƙe shi. Mai takin zamani kaɗan ya sa garam 6 na 15-15-15 ko garam 2 na DAP kowane rami. A tazarar metir 1, kilo 60 ke nan ko kilo 20 ga hekta guda. A juya hatsi da dawa da wake da gujiya. A bar gawo da kalgo su tashi, yadda sassaɓen zamani ya koya mana tun shekarun 1980. Bakin gaɓa kuma, inda take fuskantar gulbi, a bar wa gamba da itatuwa taki da yawa. Wanda ya nome har baki, gulbi zai karɓi zakkarsa da ƙarfi.

Abin da nike roƙo

Kusa da manyan garuruwa ina ganin ramuka cikin gonakin gaɓa. Ƙasar ta yi kyau da birgi, don rairayi da laka sun yi daidai cikinta, shi ya sa ake son ta. Na san mai gona ba don daɗi yake saidawa ba: rashin lafiya, aure, ko rumbu ya ƙare. Gari kuma dole a gina shi. Amma a yi lissafi. Santimetir 20 na sama a hekta guda kusan tan 3000 ne, kuma kusan duk abincin shuka nan yake. Santimetir guda na irin wannan ƙasa yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kamin ya samu. Kuɗin kamiyo sati guda suke ƙarewa. Ramin kuwa jikoki za su gada, da sauro cikinsa.

Don haka ina roƙon sarakuna da masu gari da magadan gari da kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada, su ware wa masu birgi wuri guda bisa fako ko gefen tudu inda ba a noma, su hana haƙa cikin gaɓa. Wanda tilas ta sa shi haƙa a gonarsa, ya kwashe taƙi guda na sama ya tara gefe, in ya ƙare ya maida. Mu kuma malaman gona, kada mu ƙara ba da shawara ɗaya ga gonaki uku.

Kamin damana ta faɗi, kowane ƙauye na bakin gulbi ya gina rami guda, a tara manya da yara a duba. Ku yi awon kwalba, ku kawo wa malamin gonarku sakamako, ko ku aiko mana gidan rediyo mu karanta kowa ya ji.

Allah shi ba mu damana mai albarka.