Fatalwar fim da jinin Habila

Karatu: Luka 16:19-31, Farawa 4:8-15

Da yawa a cikinmu a fim muka fara ganin lahira kafin mu karanta ta a Littafi Mai Tsarki. A 1992 aka yi Living in Bondage, inda Andy ya miƙa matarsa Merit ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, fatalwarta kuma ta hana shi sakat. Tun daga nan finafinan Nollywood ke maimaita mana hoton mamaci cikin fararen kaya, yana bin wanda ya cuce shi. Akwai gaskiya a ciki, domin jinin marar laifi ba ya tafiya a banza. Amma akwai kuma koyarwar da muke haɗiyewa ba mu sani ba, wai matattu ba sa hutawa sai an rama musu.

A wani gari wannan nishaɗi ne kawai. A Kaduna ba haka ba ne. Mu da muka rage a arewacin kogi, a Kawo da Malali da Unguwar Rimi, mun san gidajen da aka bari bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002. A zumuntarmu akwai matasan da ba su taɓa ganin kawunsu ba sai a hoto. In yaro ya tashi da tunanin ruhun kawun nan na yawo yana jiran fansa, wa zai riƙa kallo? Maƙwabcin da yake sayen ƙosai a ƙofar gidansa.

Mu duba Nassi. Mai arzikin nan ya roƙa a aiki Li'azaru wurin 'yan'uwansa biyar, aka hana. Jinin Habila ya yi kuka, amma ga Allah ya yi, ba ga danginsa ba, har Allah ya sa wa Kayinu alama don kada kowa ya kashe shi. A Ru'ya ta Yohanna 6, waɗanda aka kashe saboda shaidarsu Ubangiji suka kai wa ƙara, sai aka ba su fararen riguna aka ce su huta. Farar rigar da fim ya mayar ta tsoratarwa, a can ta hutu ce. Ibraniyawa 12:24 kuwa ya nuna mana jinin Yesu yana faɗin abin da ya fi na Habila kyau.

Waƙoƙi ta wani gefen suke zamewa. In aboki ya rasu, sai mu sa hotonsa a WhatsApp da See You Again, wadda Wiz Khalifa da Charlie Puth suka yi a 2015 don tunawa da Paul Walker. Tana da daɗi, ba ma hana kowa kuka da ita. Sai dai ta yi alkawarin sake haɗuwa ba ta faɗi dalili ba, mu kuma mu ƙara da cewa ya zama mala'ika. Mutum ba ya zama mala'ika. Bulus a 1 Tasalonikawa 4 bai hana makoki ba, amma ya ɗora begen a kan mutuwar Yesu da tashinsa. Jikin da muka binne shi ne za a tayar, har na waɗanda tun 2000 ba a san inda kabarinsu yake ba.