Wasan Scrabble a Agege: a haɗa kalma, a kuma faɗi ma'anarta



Yaron da ya tashi a Zangon Agege yakan girma da harsuna uku a bakinsa: Hausa a gida, Yarbanci a layi, Broka a kasuwa da cikin danfo. Wannan baiwa ce babba. Sai dai ranar jarrabawar WAEC ko JAMB, Turancin littafi ake tambaya, kuma a nan ne 'ya'yanmu da dama ke tuntuɓe, saboda ƙarancin kalmomi da rashin sanin ma'anarsu. Ra'ayina shi ne mu shigo da wasan Scrabble cikin unguwanninmu, amma da sharaɗi guda wanda zan faɗa a gaba.

Ga wanda bai san shi ba, wasa ne na haɗa kalmomin Turanci a kan allo mai gidaje 225. Akwai ƙwayoyi 100, kowane ɗan wasa yana riƙe bakwai, kowane harafi da makinsa. Q da Z maki goma-goma ne, kuma wanda ya zuba bakwai ɗinsa a lokaci guda yana samun ƙarin maki 50. Wani Ba'amurke mai suna Alfred Butts ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930.

Kada a ɗauka wasan Turawa ne kawai. A watan Nuwamban 2015, Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya lashe gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya, bayan ya doke Lewis Mackay ɗan Ingila a wasan ƙarshe. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai wannan matsayi, har Shugaba Muhammadu Buhari ya kira shi a waya ya taya shi murna. Idan ɗan Najeriya zai kada Bature a harshen uwarsa, me zai hana yaron Agege?

To ga inda gizo ke saƙa. Mutum zai iya zama gwani a wasan nan bai san ma'anar abin da yake jerawa ba. A shekarar 2015 ɗin dai, Nigel Richards ɗan New Zealand ya ci gasar Scrabble ta Faransanci alhali ba ya jin harshen. Haddace ƙamus ɗin kawai ya yi. 'Yan wasa kan haddace ƙananan kalmomi irin su QI da ZA don cin maki, kuma ba kowa ne zai gaya maka cewa ta farko daga Sinanci take, tana nufin ƙarfin rai, ta biyu kuwa gajarta sunan abincin nan pizza ce ba. Wannan ya ishi mai neman kofi. Mai neman cin jarrabawa da rubuta takardar neman aiki kuwa, ma'ana yake buƙata. 'Ya'yanmu sun iya hadda tun daga makarantar allo. Abin da ya rage shi ne a haɗa musu haddar da fahimta.

Sharaɗin ke nan: duk wanda ya ajiye kalma sai ya faɗi ma'anarta da Hausa, in ya kasa, makin ya faɗi. Ɗauki haruffa huɗu, S, T, O da P. Za su ba ka stop, wato tsayawa, spot, tabo ko wuri, pots, tukwane, post, muƙami ko aika wasiƙa. Yaron da ya fassara waɗannan ya koyi kalmomi huɗu a zama ɗaya, ya kuma gane cewa kalma guda tana iya ɗaukar ma'ana biyu. A ajiye ƙamus a gefe ya zama alƙali, ko Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, ko na cikin waya.

Wasu iyaye za su ce ɓata lokaci ne, ko ya yi kama da caca. Babu kuɗi a ciki, kuma lokacin da yaro zai kashe a nan, da ma a shagon kallon ƙwallo ko TikTok zai tafi. Wasu kuma na tsoron Turanci ya kori Hausa, kuma tsoron yana da tushe a Legas. Amma wanda aka tilasta wa nemo fassarar Hausa, Hausarsa ce ke ƙara kaifi. A kuma tuna wa yara cewa aro ba gefe ɗaya yake bi ba: mun karɓi bokiti da tebur da asibiti, ƙamus ɗin Oxford kuma ya shigar da Kannywood a 2020, daga baya ya ƙara da suya.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya da masu hali: a sayi alluna ko da biyar ne, a ware yammacin Asabar bayan la'asar, a samu malamin Turanci ɗaya daga cikin matasanmu ya kula. A ware wa 'yan mata nasu zaman, kada a bar su a baya. Bayan watanni a shirya gasa tsakanin unguwanni, a gayyaci fadar Sarkin Hausawan Agege ta ba da kyauta. Da sannu-sannu kwana nesa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka.