“Ƙara mana, ai ba ke kaɗai ba ce”: mai ciki, zaƙi da ciwon suga

1/ Jama'a, zaren nan da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe, musamman amare da angwayen bara da yanzu ake jiran ƙaruwa. Magana ce kan yadda muke ɗura wa mai ciki zaƙi da sunan kulawa, sannan mu bar gwaji guda ɗaya da ya fi duk wannan hidimar amfani. Abin da ya faru a gidanmu ne ya sa na zauna na yi tambaya, na yi karatu.

2/ Yayata ce, cikinta na biyu. Tunda ya shiga wata shida ta fara cika, fuska ta yi fam. Duk wanda ya shigo sai “Masha Allah, cikin nan ya karɓe ki.” Mijinta ba ya dawowa hannu rabbana: lemon kwalba, kek, cincin, ayis kirim. Umma kuma kullum da fulas ɗin kunun gyaɗa da ya ji suga. In ta ce ta ƙoshi sai a ce “ƙara mana, ai ba ke kaɗai ba ce.”

3/ Awo kuwa jifa-jifa take zuwa. An rubuta mata gwajin suga, ta ajiye takardar a jaka. Wai sai an je da sassafe ba a karya ba, a zauna awa biyu, ga kuɗi, ita kuma lafiyarta ƙalau. Sai a wata na takwas sikanin ya nuna yaron ya fi watanninsa girma, ruwan cikin ma ya yi yawa. Aka gwada, ashe suga ya daɗe da hawa.

4/ Ƙarshe dai aiki aka yi mata. Yaro ya fito kilo 4 da rabi, 'yan barka ana ta “tubarkalla, ƙato!” Amma kwana biyu ya yi a ɗakin jarirai saboda nasa sugan ya faɗi ƙasa. Alhamdulillahi yau su biyun lafiya lau. Abin da ba na mantawa shi ne Umma a barandar asibiti tana share hawaye tana cewa “ni fa na ɗauka gata nake mata.”

5/ To ga ra'ayina, kowa ya ɗauka ko ya bari. Mun mayar da ƙibar mai ciki ma'aunin ko miji na kula da ita, mun mayar da ƙaton jariri abin tutiya. Sau da yawa kallon kitse muke wa rogo. Wanda ke son matarsa, ko 'yarsa, ko surukarsa, ya fara da tambayar an yi gwajin suga ko ba a yi ba, kafin ya sayo katan ɗin lemo.

6/ Mu fara da yadda abin yake faruwa. Duk tuwo, shinkafa, burodi ko lemon da muka ci, jiki na mayar da shi suga a cikin jini. Akwai wani sinadari da jiki ke yi, insulin, shi ne ke shigar da sugan nan inda za a ƙona shi a samu ƙarfi. In ciki ya girma, mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage wa insulin kaifi.

7/ Yawancin mata jikinsu kan ƙara yawan insulin ya cike giɓin. Wasu kuwa jikin ba ya iya cim ma buƙatar, sai suga ya taru a jini. Wannan shi ne ciwon sugan masu juna biyu. Ya fi bayyana daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe, shi ya sa za ki ga mace ta yi watannin farko garau, matsalar ta zo daga baya.

8/ Ina ruwan jariri? Sugan uwa yana ratsa mabiyiya ya isa gare shi. Sai jikinsa ya yi ta fitar da nasa insulin, rarar ta koma kitse, musamman a kafaɗa da ciki. Ranar haihuwa kai na iya fitowa kafaɗa ta maƙale. Da an yanke cibiya kuma sugan uwa ya tsaya, insulin ɗinsa bai tsaya ba, sai sugansa ya faɗi. Abin da ya samu ɗan Yayata ke nan.

9/ Ita ma uwar tana cikin haɗari. Yiwuwar hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga, tana ƙaruwa. Haka yiwuwar doguwar naƙuda, ƙari mai yawa, ko aiki. In sugan ya yi tsanani ba a kula ba, ana iya rasa ɗan ma tun a ciki. Allah ya kiyaye.

10/ Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ciwon ba ya sallama. Mata da yawa ba sa jin komai. Waɗanda suka ji kuma, ƙishirwa ce, yawan fitsari da gajiya. Yanzu dan Allah wace mai cikin wata bakwai ce a zafin Kano ko Maraɗi ba ta jin waɗannan? Don haka “ai ba na jin komai” ba hujja ba ce sam.

11/ Gwajin ana yin sa ne tsakanin mako na 24 da na 28, wato wajen wata na shida zuwa farkon na bakwai. Za ki kwana ba ki ci komai ba aƙalla awa 8, ruwa zalla kawai. A ɗebi jini, a ba ki ruwan gulukos giram 75 ki shanye, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Shi ke nan fa. Safiya ɗaya.

12/ A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, in sakamakon kafin shan ruwan ya kai 92, ko na awa ɗaya ya kai 180, ko na awa biyu ya kai 153, a lissafin mg/dL, to akwai shi. Ko ɗaya daga ciki ya isa. Wasu asibitoci na da nasu ma'aunin, don haka likita za ki kai wa takarda. Gwajin fitsarin da ake yi ranar awo shi kaɗai ba ya wadatarwa.

13/ Su wa ya kamata su fi zuba ido? Wadda take da ƙiba tun kafin ciki. Wadda iyayenta ko 'yan uwanta na jini ke da ciwon suga. Wadda ta taɓa haifar jaririn da ya haura kilo 4, ko ta taɓa yin ciwon a cikin baya. Wadda shekarunta suka ɗan ja. Irin waɗannan sau da yawa tun a farkon awo ake gwada su.

14/ A Ingila ma, zama baƙar fata kaɗai yana cikin dalilan da ke sa a yi wa mace tayin gwajin. Kuma kar siririya ta ce ta tsira, ita ma tana kamuwa. Kar kuma a zo ana yi wa mai ciwon gori wai kwaɗayinta ne ya ja mata. Mabiyiya ce tushen abin. Abinci dai shi ne ɓangaren da ke hannunmu.

15/ Yanzu batun “cin mutum biyu”. Mutum na biyun nan fa ko ranar haihuwa wajen kilo 3 ne. A Ingila shawarar da ake bayarwa ita ce ƙarin kalori 200 a rana, a watanni ukun ƙarshe. A Amurka sun ce wajen 340 a tsakiya, 450 a ƙarshe. Kalori 200 kuwa kamar dafaffen ƙwai biyu ne da lemon zaƙi ɗaya. Ko wanne kika ɗauka, bai kai ninka kwano ba.

16/ Nauyi dole ya ƙaru, wannan ba gardama. Ma'aunin da masana a Amurka suka fitar a 2009, ga mai ɗa ɗaya a ciki: mai matsakaicin jiki kilo 11.5 zuwa 16 a duk tsawon cikin. Siririya sosai 12.5 zuwa 18. Mai ɗan jiki 7 zuwa 11.5. Mai ƙiba sosai 5 zuwa 9. Ki tambayi nas wane rukuni kike, ki riƙa duba abin da suke rubutawa a katinki.

17/ Na san wani zai ce “iyayenmu sun haifi goma ba su san wani gwaji ba.” Gaskiya ne. Amma kakarka da ciki take surfe, take daka, take ɗebo ruwa, tuwon dawa da miyar kuka take ci. Ba ta da firji cike da lemo, ba ta wuni a kujera da waya. Sannan ka tambaye ta mata nawa ta sani da “ɗa ya maƙale” ko “ya zo ba rai”. Babu wanda ya auna ya san dalili.

18/ Wata kuma za ta ce a gidaje da yawa matsalar rashin abincin ce, wa yake ta ƙiba? Wannan ma gaskiya ne, kuma ƙarancin jini na wahalar da masu ciki sosai a wajenmu. Shi ya sa ban ce a rage wa mai ciki abinci ba. Cewa na yi kuɗin lemo da kek su tafi ga wake, ƙwai, kifi da ganye.

19/ Tunda an zo batun jini: haɗin lemon malt da madarar gwangwani da ake yi wai don ƙarin jini, yawancinsa suga ne. Abin da ke ƙara jini shi ne ƙwayoyin da ake ba ki a wajen awo, waɗanda da yawa ke jefawa ƙarƙashin katifa, sai nama, kifi, wake da ganye irin su zogale da alayyahu. Ki sha maganinki.

20/ Gwangwanin lemon kola guda ɗaya na ɗauke da suga wajen giram 35, fiye da cokalin shayi 8. Zoɓo, kunun aya, fura da koko su ma ya danganta da hannun mai zuba suga. Zuma ma zaƙi ce, jini bai san bambanci sosai ba. Dabino abinci ne mai kyau, amma ƙwaya biyu daban, cin kwano guda daban, balle ga wadda suganta ya hau.

21/ To me za a ci? Ki raba faranti a ido. Rabi ganye da kayan lambu: kwaɗon zogale, rama, kabeji, miyar kuɓewa ko ta ganye mai yawa. Kwata nama, kifi, ƙwai, wake, alala ko awara. Kwatan ƙarshe tuwo ko shinkafa. Ba a hana ki tuwo ba, malmalar ce za ta ragu, miya ta ƙaru. Dawa da gero da ba a cire musu dusa duka ba sun fi farar shinkafa da burodi.

22/ Maimakon ki wuni ba ci sannan da dare ki zauna wa tulin taliya, ki raba cin: sau uku madaidaici, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar gyaɗa, kindirmo mara suga, ko gwaiba. Ki ci 'ya'yan itace da ɓargonsu ya fi ki matse su ki sha. Bayan cin abinci ki taka na minti 10 zuwa 15, ko a tsakar gida ne, in dai likita bai ce ki kwanta ba.

23/ Akwai masu faɗawa ɗaya ramin. Sun ji ana cewa ƙaton ɗa na sa a yi aiki, sai su riƙa zama da yunwa don ɗan ya fito ƙarami, wasu har da shayin rage ƙiba. Dan Allah kar ki yi. Ciki ba lokacin rage nauyi ba ne. Jaririn da bai samu abinci ba shi ma yana cikin haɗari, ke ma kina buƙatar ƙarfin naƙuda.

24/ In an gwada an ce akwai shi, kar hankalinki ya tashi. Mata da yawa gyaran abinci da motsa jiki kaɗai ke daidaita musu. Wasu a ba su ƙwayar metformin, wasu allurar insulin. Allurar ba ta cutar da jariri, kuma yawanci ana dainawa bayan haihuwa. Abin da za ki guje wa shi ne jiƙe-jiƙen masu lasifika a bakin kasuwa.

25/ Waɗannan kuwa ba a jira ranar awo: kumburin fuska da hannu farat ɗaya, nauyi ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ko motsin ɗa ya ragu. Wannan kumburin ba “cikin ya karɓe ki” ba ne. A tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

26/ Bayan haihuwa suga kan sauka, amma labarin bai ƙare ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan rabin matan da suka yi shi kan kamu da ciwon suga na dindindin daga baya. Don haka da an yi arba'in a koma a sake gwaji, sannan a riƙa dubawa lokaci zuwa lokaci. Kunun jego a sassauta masa suga. Shayarwa kuma na taimaka wa uwa da ɗa.

27/ Maza, ga naku. Kai ne mai cefane, kai ne mai izinin fita, kai ne mai biyan kuɗin gwaji. Yau ka karɓi katin awon ka duba ko ciki ya kai mako 24. In ya kai, ka sa ranar, ka kai ta da kanka, ka zauna awa biyun nan tare da ita. Hajiya kuma a yi mata bayani cikin ladabi, don ita ma alheri take nufi.

28/ Yayata yanzu tana da na uku. Wannan karon Umma ce da kanta ta raka ta gwajin, da dafaffen ƙwai a jaka don ta karya da an gama. Wanda ya san mai ciki ya tura mata zaren nan, ya tura wa mijin ma. Allah ya raba lafiya, ya ba mu masu albarka.