Wane Babur Ya Kamata Malam Ya Saya?

A cikin wasiƙun da suka iso mana makon jiya akwai ta wani malamin makaranta daga ƙasar Zazzau. Ya ce shekara biyu ke nan yana ƙulle ɗan abin da ya rage daga albashinsa, yanzu kuwa ya haɗa da rance, ya yi niyyar sayen babur. Tsakanin gidansa da makaranta kilomita 12 ne, kullum sai ya je ya komo. Ban da wannan kuma, kowane ƙarshen wata yakan tafi ganin mahaifiyarsa a wani ƙauye gaba da Kano. Abin da ya dame shi, in ji shi, abokansa sun rabu biyu: waɗansu sun ce ya sayi ƙarami don tsimin mai, waɗansu sun ce ya sayi babba don tafiyar nesa. Shi kuwa kuɗin babur ɗaya gare shi, in ya yi kuskure ba shi da na biyu.

To, Malam, mun ji, kuma lalle tambayarka ta mutane da yawa ce. Da ma a zamanin da, mutum ba ya sayen doki sai ya san abin da zai yi da shi, gama dokin hawan salla dabam, dokin fatauci dabam. Kai kuwa guda kake nema wanda zai yi maka duka biyu, watau dole kowane gefe ka rage buri kaɗan.

Mu fara da ƙarfin inji, wanda ake aunawa da si-si, watau faɗin cikin da fetur ke ƙonewa. Baburan da suka cika hanyoyinmu yawancinsu tsakanin si-si 100 ne zuwa 150. Akwai Boxer na kamfanin Bajaj da HLX na kamfanin TVS, su biyu daga Indiya suke. Akwai Jincheng da Haojue daga ƙasar Sin. Akwai kuma Honda, wanda asalinsa Japan, amma yana da masana'anta a Ota ta Jihar Ogun tun 1979. Mai si-si 100, in yana da lafiya, lita ɗaya takan kai shi wajen kilomita 50, wani lokaci har ta wuce. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, ba mai raina wannan lissafi. Kadan da zuwa makaranta ne kaɗai, da mun ce ka saye shi ka huta.

Amma fa daga Zariya zuwa Kano kusan kilomita 150 ne, kuma ba nan za ka tsaya ba. Injin waɗannan babura iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa irin na mota ba. Ƙaramin inji, in ka ɗora masa kanka da ɗan buhun tsaraba, ka hau babban titi, sai ka murɗe masa wuya sarai kafin ya bi sahun motoci. Sa'a uku yana kuka haka cikin zafin bazara, mai ya tsinke, inji ya ɗau zafi, tsimin da ka yi a gidan mai ka kai wa makaniki shi da riɓi. Mai si-si 125 ko 150 kuwa, gudun da wancan ke yi da kyar, shi yana yinsa da sauran numfashi. Wannan sauran numfashi shi ne abin da za ka bukata ran da tirela ta matso ka gefen titi, kana neman ka fice. In kuwa ka sami mai giya 5 maimakon 4, ya fi, domin ta biyar ɗin ta tafiyar nesa ce, tana kwantar da kukan inji, tana rage shan mai.

Kada kuma ka bi masu zuga ka sayi irin manyan nan 'yan Kwatano masu rugugi kamar hadari. Kyau dai suna da shi, gudu kuwa ba a magana. Sai dai nauyinsu cikin cunkoson Sabon Gari azaba ne, shan mansu ya kusa na ƙaramar mota, ran da kuwa wani abu ya karye, sai ka jingine shi wata guda ana cigiya daga Legas. Roba-roba kuma, wadda ta gaji siffarta daga Super Cub na Honda da ya fito a 1958, ba ta da na biyu wajen zuwa kasuwa, ga sauƙin hawa ga mai babbar riga, amma tankinta ƙarami ne ainun, kuma ba a yi ta don yini bisa titi ba.

Nan za mu daɗe kaɗan, gama shi ne zuciyar maganar: kayan gyara. Akwai labari mai amfani game da wannan. Wajen 1974 mutanen Honda suka zaga waɗansu ƙasashen Asiya don su ga yadda talakawa ke riƙe babur. Suka tarar ana ɗora masa mutum uku da kaya, baƙin mai kuwa ba a juye shi sai ya zama kamar kwalta. Maimakon su tsaya wa'azi, sai suka koma suka ƙera inji mai sauƙin gini wanda zai jure sakaci, suka fitar da shi a 1975 da suna CG125. Har yau da yawa daga cikin baburan ƙasar Sin bisa tsarin wannan inji aka yi su, shi ya sa yaron makaniki a ƙauye zai kwance shi ya ɗaure ba tare da ya tambayi kowa ba. Saboda haka kafin ka biya, je ka tsaya bakin tasha a garinku, ka dubi abin da 'yan acaɓa ke hawa. Ba don sha'awa suka zaɓe shi ba, da shi suke ci da iyali, sun kuwa san wanda fulogi da sarƙa da igiyar kulocinsa ke samuwa a kowace rumfa. Sa'an nan ka yi wannan dubawa a ƙauyen mahaifiyarka. Wanda ka gani da yawa a wurare biyun, shi ne naka.

Ni mai rubutun nan na taɓa ƙin wannan shawara. Na sayi wani baƙon iri don launinsa ya burge ni, ga araha. Wata rana da la'asar igiyar kuloci ta tsinke mini a wani ƙauye, makaniki ya juya ta, ya juya, ya ce bai taɓa ganin mai irin wannan kai ba. A motar itace muka iso gari da daddare, ni da babur, muna bisa kaya. Ashe araha ba ta ado.

Sauran abubuwa gajeru ne. Ka zauna bisa sirdin, ka ga ko ƙafafunka biyu na taka ƙasa, bayanka kuma a miƙe yake. Sirdin da ya yi daɗi minti biyar a shago, bayan sa'a biyu wani abu ne dabam. Ka nemi tanki mai ɗaukar lita 11 ko 12, don kada ka riƙa faɗawa hannun 'yan bumburutu a hanya. Tun da ƙarshen tafiyarka hanyar burji ce, wili mai wayoyi irin na keke ya fi na zubi, gama in ya faɗa rami lanƙwashewa yake yi a miƙe shi, na zubi kuwa tsagewa yake.

Sabo ko na hannu? In kuɗinka sun kai, sabo. In ba su kai ba, tafi da makanikin da ka amince da shi, ku tashi injin da sanyin safiya, ku dubi hayaƙi. In ya yi shuɗi-shuɗi, yana ƙona baƙin mai, ku bar shi. Lambar inji da ta jikin babur kuwa ku gwada su da abin da ke rubuce a rasit, harafi da harafi, domin babur na sata ya jefa mutanen kirki da yawa cikin wahala. Sabon kuma kada ka kai shi Kano a makon farko. Bi shi sannu, ka juye baƙin mai na fari bayan kamar kilomita 500, kana duba littafin da ya zo da shi. Da hunturu kuwa ka yawaita wanke matacin iska, gama ƙura ta fi tafiya kashe inji.

Ka ware kuɗin lamba da lasisi da hular kwano tun kafin ka shiga shago. Masu karatu za su tuna a farkon 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta matsa a kan hular, waɗansu suka riƙa kifa ƙwarya a ka suna ɗaure ta da igiya. An sha dariya, amma kwalta ba ta san wasa ba. Ka kuma riƙa tambayar dokar inda za ka: a 2013 Gwamnatin Kano ta hana acaɓa cikin birni, a 2021 kuma Katsina da Zamfara suka taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan fashin daji. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, kada ka dogara ga labarin bara. Ko da doka ko babu, ka tashi da sassafe, ka isa kafin magariba.

Amsarmu dai, Malam, mai si-si 125 ko 150, mai giya 5 in ya samu, irin wanda ya fi yawa a tashar garinku. In ka saya ka rubuto mana yadda tafiyar fari ta kasance. A gaishe mana da Gyatuma.