Wane Littafin Lissafi Za Mu Saya?

Kowace shekara da kaka ta yi, aka kai gero da gyaɗa da wake gida, sai mu ga 'yan aji shida sun fara kai wa iyaye kuka a kan kuɗin littafi. Da yawa cikinmu muna son karanta harkar kasuwanci ko aikin akanta a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma duk mai wannan buri sai ya ci Lissafi sau biyu: ya sami kiredit a WAEC ko NECO, ya kuma fuskance shi a jarrabawar JAMB. Uban da ya ɗauki buhun wakensa zuwa kasuwar Ɗambatta ko Bichi domin wannan, ya kamata kuɗinsa ya sayo abin da zai amfani ɗansa.

Abin da muka fi gani a hannun ɗalibai shi ne ƙananan littattafan tambayoyin baya da ake tallarsu a tasha da kasuwar Sabon Gari. Ba mu ce ba su da amfani ba. Amma yawancinsu harafin amsa kawai suke bayarwa, A ko C, ba su nuna hanyar da aka bi. Wani lokaci ma amsar kuskure ce, ɗalibi ya haddace ta da zuciya ɗaya. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Alal misali, ɗan kasuwa ya sayi buhun dawa Naira 40,000 a Dawanau, ya sayar Naira 50,000. Ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Ɗalibi mai gaggawa zai raba 10,000 da 50,000, ya ce kashi 20. Wanda ya fahimta ya san da kuɗin saye ake auna riba, don haka amsar kashi 25 ce. Masu shirya jarrabawa sun san wannan tuntuɓe sarai, shi ya sa sukan sa 20 cikin zaɓin amsoshi. Mai haddar harafi ba zai tsira ba, domin gobe za a canja kuɗin buhun.

A ra'ayinmu, abu na farko shi ne manhajar JAMB kanta, wadda ake samu kyauta a intanet. Ta raba Lissafi gida biyar: lambobi, aljabara, jometiri da tirigonometiri, kalkulas, da ƙididdiga. Malaminmu na Lissafi zai iya buga ta a takarda a manna a bangon aji, kowa ya duba ya ga inda yake da rauni. Bayan wannan, littafin karatu guda ɗaya mai bayani daki-daki ya isa. New General Mathematics na babbar sakandare, na 1 zuwa na 3, shi ne wanda yayyenmu da malamanmu suka yi karatu da shi. Ko tsoho ne mai yagaggen bango, kuɗin ruwa da kaso da ma'auni ba su canja ba. Sai dai a gwada shi da manhaja, domin tsofaffin bugu ba lalle su taɓo kowane sashe ba, musamman kalkulas, a nan kuma sai a nemi malami.

Tambayoyin baya su zo daga ƙarshe, a yi su da agogo a gaba. Tun shekarar 2015 ake rubuta JAMB da kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 40 daga ciki na Lissafi, wato kusan daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ko ya iya lissafin, lokaci zai iya cinye shi. Wannan ya fi damunmu fiye da zancen littafi.

Saboda haka muna roƙon dattawan ikilisiya da ƙungiyar mata zumunta su duba wannan al'amari. Maimakon iyaye goma su sayi ƙananan littattafai goma iri ɗaya, a haɗa kuɗin a sayi manyan littattafai uku a ajiye a ɗakin karatu, sauran kuma a biya motar da za ta kai 'yan aji shida cibiyar kwamfuta su gwada hannu kafin ranar jarrabawa. Tsofaffin ɗalibai da ke da New General Mathematics a ƙasan akwati, ofishin shugaban makaranta a buɗe yake.