Wa Zai Karanto Mana Ilmin Sauyin Yanayi?

A zangon karatun da ya wuce, mun zagaya ajin 'yan shekarar ƙarshe muna tambayar kowa abin da yake so ya zama. Wasu suka ce likita, wasu lauya, wasu kuma kwastan, tun da yake a bakin iyaka muke. Ko mutum ɗaya bai ambaci ilmin yanayi ba. Wannan ya dame mu ƙwarai, domin kuɗin makarantar yawancinmu daga gero da riɗi da dabbobin da ake kaiwa kasuwar Maigatari ran Alhamis yake fitowa, su kuwa duk ruwan sama suke jira.

Dattawan Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Yanzu kuwa damina ta zama marar alkawari. Ruwa ya sauka, a yi shuka, ya ɗauke har shuka ta ƙone, daga baya ya zo kamar da bakin ƙwarya, kamar yadda ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa. Masana sun bayyana dalili: hayaƙin fetur da kwal da gas yana taruwa a sama yana riƙe zafi. Zafin yana busar da ƙasa da wuri, iska mai zafi kuma tana ɗaukar danshi mai yawa, ta zubar da shi gaba ɗaya.

Ilmin nan ba sai an je Ingila ko Amurka ba. Tun 2012 Jami'ar Bayero ta Kano take da cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, inda ake yin digiri na biyu da na uku. Shirin WASCAL, wanda Jamus ke tallafa wa, yana horar da ɗaliban Afirka ta Yamma a Minna da Akure da Yamai. A Yamai ɗin ma akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974. A can ake koyon auna ruwan sama, karanta hotunan tauraron ɗan'adam, da zaɓen irin da ke nuna da wuri.

Wani zai ce ruwa na Allah ne, me digiri zai ƙara? Gaskiya ne, na Allah ne. Amma Allah ya ba Yusufu sanin abin da ke tafe a Masar, shi kuwa bai naɗe hannu ba, sai ya tara hatsi shekara bakwai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma da zaman jiran yunwa gara shiri.

Sai dai muna da sharaɗi ga duk wanda zai tafi: ya dawo gida, ya kuma saurari manomi. A 1983, wani ɗan mishan mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa a gonakin Maraɗi suna fitowa ne daga kututturen itatuwa masu rai. Manoma suka fara barin 'yan rassa suna gyara su, abin da ake kira sassaben zamani. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Kakanninmu ma sun san gawo yana kaɗe ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ya kuma ba ƙasa taki. Digirin da ya raina wannan sani, ko wanda ba za a iya bayyana shi da Hausa a gindin bishiya ba, ado ne kawai na bango.

Saboda haka muna kira ga ƙannenmu da su riƙe darasin labarin ƙasa, lissafi da kimiyyar noma da muhimmanci, domin su ne tsanin hawa. Muna roƙon hukumar makaranta ta kafa ma'aunin ruwan sama, mu riƙa rubuta abin da ya sauka kowace rana. Muna kuma roƙon gwamnatin jiha da masu hannu da shuni na masarautar Gumel su ɗauki nauyin masu son wannan karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.